Ƙaurin Babbakar Keturah

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar motocin da ke gefen unguwar Ajiya a Jimeta da sanyin safiya ya san Keturah, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai faɗin kafaɗa da ke yi wa kan saniya magana kafin ta aza shi a wuta. Takan kama shi ta ƙaho, ta ɗago shi daidai fuskarta, ta ce, "Saniya ce. Ƙaho biyu, kunne biyu." Sai ta aza, ta jawo wuƙar kankarewa. Masu keke suna yi mata dariya, wasu har su ce ta fara taɓuwa. Amma bari azahar ta yi, su ne za ka gani jere a kan bencinta suna tsotsar ƙashin farfesu har da lumshe ido. Ɗan Adam ke nan, ya ci girkinka, ya koma gefe ya ci namanka.

Ba taɓuwa ba ce, kuma ba haka kawai ta fara ba.

A wani ƙauye kusa da Demsa aka haife ta. Aure ne ya kawo ta Jimeta tana 'yar shekara ashirin, ta biyo Apollos, wani siririn mutum mai sanyin magana da ke aikin masinja a wata ma'aikata. Albashin masinja ba ya kai tukunya ƙarshen wata, don haka ta koyi babbaka a wurin wata maƙwabciya: a sayo kai da ƙafa daga mayanka, a ƙone gashin, a kankare, a wanke, a fasa, a dafa. Aiki ne na ƙazanta, ba mai ce maka ba haka ba. Ga majinar da ke dalala daga hancin saniya, ga ciyawar da ta ruɓe a tsakanin haƙora, ga ƙudan Jimeta da ba su san kunya ba. Wasu masu sana'ar da tsohuwar taya suke babbaka don sauri, nama ya fito baƙi ƙirin yana warin roba, su kuma ɗura wa bayin Allah. In Keturah ta gan su sai ta tofar da yawu. Ita da itace da kara take yi, kuma hancinta ne agogonta. Ko ta ba wuta baya tana wanke kwanoni, daga ƙauri kaɗai takan san lokacin da gashi ya ƙare fata ta fara ƙuna. Da wannan hanci take taƙama, kuma ta cancanta.

Mai sayar da abinci a bakin tasha tana haɗiyar abin da ba ya haɗiyuwa. Wani ya fyace majina a gefen tukunya, wani ya tsoma yatsa a romo wai yana duba zafi, wani ya kira ta "ke mai nama" kamar shi ya raɗa mata suna. Keturah ba ta iya zagi ba, kuka a gaban mutane kuma ba tarbiyyar gidansu ba ce. Inda take sauke kayanta daban ne. A zumuntar mata ta cocinsu ita ce mai kaɗa babban tulu, wanda ake dukan bakinsa da faifan soso yana amsawa daga can ƙasa. Duk Alhamis da la'asar takan sa shi tsakanin gwiwoyinta, ta juye masa takaicin mako guda. Mai fyace majina ya sha nasa dukan, mai yatsa a romo ya sha nasa. Kafin a yi addu'ar tashi kafaɗunta sun sauka. Apollos yakan tsokane ta ya ce, "Allah ya sa wa tulun nan albarka, ba don shi ba ai ni zan sha."

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo Yola da ƙullin kaya a ka, harabar coci da ta masallaci duk suka cika. Keturah ta riƙa ƙara ruwa a romo tana kai musu. Ana cewa abin ya fara lafawa, sai wata yamma bam ya tashi a bakin kasuwa, daidai lokacin da Apollos ya saba biyowa ta can in ya tashi daga aiki. A rufaffen akwati aka binne shi.

Ta yi fiye da shekara ba ta hura wutar babbaka ba. Ta sayar da gyaɗa, ta sayar da ruwan leda, ɗanta Sammy da ke aikin wayar lantarki a Jalingo yana ɗan turo abin da ya sawwaƙa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Yi haƙuri, Maman Sammy." Haƙuri, haƙuri, kamar wani abu ne da ake ɗebowa a famfo. Da gyaɗa ta kasa riƙe gida, ta aika wa Hamman, mai keken da ya saba ɗauko mata kaya daga mayanka, ya kawo mata kai biyu da sassafe.

Ta hura wuta, ta aza na farko. Gashi ya fara ƙanƙancewa yana tartsatsi, ƙauri ya tashi. Ba ta ankara ba sai ga ta durƙushe a bakin kwata tana amai kamar za ta fitar da hanjinta. Ƙaurin ne, shi ne dai wanda ya cika bakin kasuwa a waccan yammar. Ta kurkure baki, ta toshe hanci da gefen zane, ta ƙarasa aikin da ƙyar. Washegari haka, kwana na uku haka. Hamman, da yake mutum ne mai tausayi, yakan tsaya ya miƙa mata buta kafin ya wuce.

To, a unguwar da katanga ba ta kai kafaɗa ba, gwauruwa 'yar shekara arba'in da ɗaya tana amai kullum da safe, namiji yana miƙa mata buta. Ai ba sai an kira mai duba ba. Kafin mako biyu labari ya je coci ya dawo da hannu da ƙafa: cikin wata uku ne, na mai keke ne, Musulmi ma. Matan da suka zauna makoki da ita, suka ci shinkafar makokin har da neman ƙari, su ne suka ƙirga watanni a yatsu suka tabbatar ba zai zama na marigayi ba. Tir da irin wannan ilimi.

Shugabar zumunta, Maman Tracy, ta kira ta ɗakin da ake ajiye benci a bayan coci. Maman Tracy ta yi shekara talatin tana ba da kati a wani asibiti, tun daga nan take ɗaukar kanta rabin likita. Matan kwamiti huɗu suna zaune, kowacce ta ɗaure fuska kamar an yi sabuwar mutuwa.

"Maman Sammy, mu ba mu zarge ki ba," in ji Maman Tracy. "Amma mutane suna magana. Ki je ki yi gwaji ki kawo mana takarda, shi ke nan, kowa ya huta."

"Mama, ba ni da komai."

"To aman na mene ne?"

Keturah ta san in ta ce ƙauri ne, za a tambaye ta wane ƙauri, kuma a bayan wannan amsar akwai wata da ko matashin kanta ba ta taɓa faɗa wa ba. Takarda kuwa ta rantse a ranta ba za ta kawo ba. Shekara ashirin tana zaune da mutum ɗaya tilo, yau a ce sai fitsarinta ya yi mata shaida?

"Bari mu yi addu'a," in ji Maman Tracy. Ta matso ta ɗora mata hannu, ba a ka ba, a ciki. Baki yana kiran sunan Ubangiji, yatsu suna lalube a ƙarƙashin cibiya kamar mai zaɓen gwanda a kasuwa. Keturah ta wanke tumbi da hanji iri-iri a rayuwarta, ba ta taɓa jin ƙyamar wani abu kamar wannan hannu mai ƙamshin man shafawa ba. Da aka ce amin, aka shaida mata za ta ɗan ajiye tulu, ta koma bencin baya, har a ga abin da Ubangiji zai bayyana. Aka miƙa tulun ga wata mata da ke dukansa kamar tana bugun wanki.

Apollos bai bar mata fili ba, bai bar mata gida ba. Abin da ya bar mata shi ne in an ce "matar Apollos" a faɗa da girmamawa, ga shi yanzu ana jan sunan a kwata. An kuma karɓe mata wurin sauke kaya a daidai lokacin da kayan suka fi nauyi. Ƙeyarta ta riƙa sara tun daga safe. Ta fara daka wa masu saye tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har ta taɓa jifan wani da ludayi. Hamman ya daina zuwa, don maganar ta kai kunnen matarsa. Aman kuwa yana nan, kuma kowane amai wata sabuwar shaida ce a wurin masu leƙe ta katanga.

Wata safiyar Talata keken Hamman ya tsaya a bakin rumfa. Shi bai sauko ba. Wata 'yar tsohuwa ce ta sauko, siririya, da sanda a hannu: Gogo Aminat, yayar mahaifinsa, daga cikin tsohon garin Yola. Da faɗa a bakinta ta zo, don ta ga matar da ake ɓata sunan ɗan ƙanenta da ita. Gogo ta karɓi haihuwar rabin unguwarsu, kuma Hausarta irin ta tsoffin Yola ce, mace da namiji duk ɗaya take kiran su. Ta iso Keturah tana durƙushe a bakin kwata. Ta dogara da sanda ta zuba mata ido har aka gama.

"Wane jaki ne ya ce kana da ciki?" in ji Gogo. "Mai ciki in ya yi amai, tsami yake nema. Kana amai kana waiwaya baya kamar an biyo ka. Me ka gani?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Kowa abin da ta yi yake son ji. Gogo ba ta jira amsa ba, don a hanya ta riga ta tatsi Hamman labarin yadda mijin ya mutu. Ta kife turmi ta zauna, ta nuna wuta da sanda.

"Wancan mene ne?"

"Kan saniya ne, Gogo."

"Faɗa da ƙarfi, kunnena ya tsufa. Ƙaho nawa?"

"Biyu."

"Mutum yana da ƙaho?"

Keturah ta ɗago da sauri. Tsohuwar wuta kawai take kallo.

"Kama ƙahon da hannunka, ka ji shi. Nagge ne, saniya. In amai ya zo kar ka hana shi, ajiye roba a nan kusa. Yi, ka kurkure baki, ka dawo ka sake ƙirga ƙaho. Haƙurin da mu muke ce wa munyal ba haɗiye garwashi ba ne. A dawo ne, gobe ma a dawo."

Tun daga ranar Gogo ta mayar da rumfar wurin hirarta. Hamman ne ke kawo ta da kaya tare, a bainar jama'a, ta ce mai magana ya zo ya yi da ita. Ba wanda ya zo. Tsohuwa ce mai tsegumi da ƙorafi, ta kushe wankin kwano, ta kushe itace, farfesun ma ba ta ci sai dai a dama mata fura. Da ta ji labarin tulu sai ta ja tsaki ta ce, "An karɓe tulu, an karɓe turmi ma?" Ta hana kai yaji inji. Keturah ta koma dakan citta da barkono da masoro da hannunta duk la'asar, tana daka tana gumi, tana kiran sunayen matan kwamiti ɗaya bayan ɗaya a cikin ranta. Ba kaɗe-kaɗen coci ba ne, amma ƙeya ta fara saki. Aman ya koma sau biyu a mako, daga baya ya koma tashin zuciya kawai.

Wata safiya ana yayyafi a kan kwanon rumfa, Keturah tana kankara, ba ta ɗago kai ba ta fara magana.

"Gogo, ranar nan ina kwashe kwanoni na ji ƙara. Na fita da gudu. Kafin in kai, iska ta kawo min ƙauri. Kin san abin da ya fara zuwa raina? Na ce wace ƙazama ce ta bar babbakarta ta ƙone haka. Har tsaki na ja, Gogo. Mijina yana ciki, ni ina jan tsaki an ɓata nama."

Wuƙar ta faɗi daga hannunta. Kusan shekara biyu tana ƙyamar kanta a kan wannan tsaki, fiye da yadda take ƙyamar masu taya da masu lalube. Ta yi kuka mai sauti, irin wanda ko a makoki ba ta yi ba. Gogo ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta jira har ya ragu.

"Shekara nawa kana koya wa hancin nan aiki?"

"Ashirin."

"To ya yi aikin da ka koya masa. Hanci ba shi da hankali, 'yata. Ƙafa fa? Da kowa yana gudu yana barin kasuwa, ƙafarka ina ya kai ka?"

Keturah ta share fuska da bayan hannu. "Wurinsa."

"To ka riƙa tambayar ƙafa. Juya abin nan kar ya ƙone."

Watanni suka wuce, ciki bai fito ba. Wanda ya ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi bai taɓa zama a bencin baya ba. Da wata tara ya cika har ya gota, maimakon masu ƙirga su ji kunya, sai suka ce ai ta zubar. Keturah ta ji, ta koma gida ta daka yajin mako biyu a yini ɗaya. Coci kuwa ba ta fasa zuwa ba ko Lahadi guda, ta ce ba Maman Tracy ce ta gina shi ba.

A watan Disamba aka sa bikin Tracy. Surukai za su zo daga Numan, kuma duk Jimeta an san inda farfesun kai na gaske yake. Da sassafe sai ga Maman Tracy cikin leshi, ta danne hanci da hankici, tana tsallake kwata a kan yatsun ƙafa. Hamman yana sauke kaya, masu keke biyu suna jiran fasinja a gefe.

"Maman Sammy, kwamiti ya zauna," in ji ta. "Abin da ya wuce ya wuce, mun yafe miki. Ki dawo ki ɗauki tulunki, waccan ta kusa fasa shi. Sannan kai shida nake so ranar Asabar, a yi shi da kyau."

Mun yafe miki! Keturah ta dube ta. Da a bara ne, da ludayi ya yi magana. Ta sunkuya ta kama ƙaho, ta ɗago, ta ce, "Saniya ce. Ƙaho biyu, kunne biyu." Ta aza a wuta. Gashi ya kama, ƙauri ya turnuƙe rumfar.

"Mama, matso. Cire hankicin."

Muryar ba ta da faɗa, shi ya sa Maman Tracy ta cire.

"Kin tambaye ni aman na mene ne, ban ba ki amsa ba. Shaƙi wannan. Haka bakin kasuwa yake ranar da na je neman Apollos. Haka shi ma yake lokacin da na gane shi da takalminsa."

Maman Tracy ta dubi abin da ke kan wuta, leɓen saniyar yana janyewa daga haƙora. Ta taɓa cin abinci da Apollos a kwano ɗaya ranar godiyar girbi. Ba ta kai ga mayar da hankici ba. Ta ruga bakin kwata, ta durƙusa da leshinta a cikin caɓi, ta amayar da shayin safe da duk abin da ya biyo bayansa. Hamman, da halin nan nasa, ya ɗauko buta ya miƙa mata. Masu keke suka miƙa wuya.

Keturah ta zo ta tsaya a kanta, ta kare ta daga idon titi da faɗin jikinta.

"Kurkure baki, Mama. Ga shi kina amai da safe, ga Hamman ya miƙa miki buta, ga mutane suna kallo. Kada ki damu. Ni ba zan ƙirga miki wata ba."

Ranar Alhamis tulu yana bencin gaba. Kafin a fara waƙa Maman Tracy ta miƙe, ta yi ta kewaye-kewaye da ayoyi, daga ƙarshe dai ta fito da ita: "Mun yi wa matar Apollos ƙazafi." Masu ƙirgan wata suka duƙufa neman shafi a littafin waƙoƙi. Keturah ta ja tulunta ta sa tsakanin gwiwoyi. Kai shida kuwa ta dafa su ranar Asabar, ba ta rage ko ƙwayar barkono ba. An ce uwar amarya ce kaɗai ba ta ɗanɗana ba.

Gogo ta rasu shekara uku da suka wuce. Keturah ta rufe rumfa, ta yafa mayafi, ta je cikin Yola ta zauna da matan gidan har aka yi sadakar uku. Yanzu furfura ta fara fito mata, masu keke sababbi ne, ba su san komai ba sai dariya. Robar nan tana gefen murhu har yau. Wata safiyar, in iska ta juyo da hayaƙi ba zato, takan buƙace ta. Ta yi, ta kurkure baki, ta dawo ta kama ƙaho.